Jos: Ƙwaron da ke zaune a cikin ganyen tumatir

Idan Allah Ya nufe ka da zuwa Jos ta hanyar Zariya, da ka wuce Pambeguwa da Saminaka da Jengre za ka ji mota ta fara nishi, domin an fara hawa. Kafin ka ankara iskar da ke shigowa ta taga ta sauya, zufar da ka kwaso daga Kano ko Kaduna ta bushe. Garin yana bisa tudun da ya kai kusan mita 1,200 sama da teku, duwatsun Shere da ke gabashinsa kuma sun haura mita 1,800. Wannan tsayi shi ne asirin sanyin Jos, shi ne kuma ya sa kabeji da karas da latas da dankalin turawa suke yi a nan fiye da yawancin sassan ƙasar nan.

Mai shigowa ta wannan hanya yakan fara cin karo da Farin Gada, inda babbar kasuwar kayan gwari take. Ka daure ka sauka da sassafe, lokacin da ake sauke kaya. Za ka tarar da kwandunan tumatir jere, an rufe bakinsu, dillalai na ciniki, 'yan dako na lodi a manyan motocin da za su nufi Abuja da kudancin ƙasar nan. Ka roƙi mai kaya ya bar ka ka ɗauki ƙwaya ɗaya, ka juya ta, ka ɗaga ɗan koren ganyen nan da ke manne a wajen hancinta. Wani lokaci za ka ga ɗan rami kamar an soka tsinke, da wani baƙin gari a bakinsa. Mai wannan ramin shi ne abin da nake so mu bi sawunsa yau, domin duk ƙanƙantarsa ya sha shiga tsakanin uwargida da tukunyar miyarta.

Ɗan faɗa-wuta mai suna uku

Masana suna kiransa Tuta absoluta. Manoman Arewa da yawa, musamman na yankin Kano, suna ce masa Sharon. 'Yan jarida kuwa a shekarar 2016 suka laƙaba masa Ebolar tumatir. Shi dai wani ɗan ƙaramin faɗa-wuta ne, ɗan uwan malam-buɗe-littafi, launinsa toka-toka da ɗigon baƙi a fiffike. Tsawonsa bai wuce milimita 6 zuwa 7 ba, wato kamar ƙwayar shinkafa, idan ya buɗe fukafukansa kuma faɗinsa kusan santimita ɗaya ne. Da rana yakan laɓe a ƙarƙashin ganye, sai magariba ta yi ya fito. Shi ya sa manomi zai iya wuni a lambunsa bai gan shi ba, sai in ya girgiza tsiron ya ga wasu 'yan abubuwa sun tashi sun sake faɗawa.

Shi wannan mai fiffiken ba ya cin ganye. Aikinsa ƙwai. Macen takan saka har kusan 260 a rayuwarta, ɗaya-ɗaya a bayan ganye ko a jikin kara, kowanne bai kai rabin milimita ba, launinsa kamar na man shanu. Bayan kwana 4 zuwa 6 sai wata 'yar tsutsa ta ƙyanƙyashe, kuma ita ce mai ɓarnar.

Don ka gane dabararta, ka ɗauki ganyen tumatir tamkar bargo mai shafi biyu da auduga a tsakiya. Tsutsar takan huda shafi ɗaya ta shige, ta riƙa cin koren naman da ke tsakiya, ta bar fatar sama da ta ƙasa yadda suke. A nan take ci, a nan take kwana, a nan take kashi. Rana ba ta dukanta, tsuntsu ba ya ganinta da sauƙi, maganin da aka fesa a saman ganye kuma sau da yawa ba ya isa gare ta. Takan saɓa fata ta wuce matakai huɗu na girma, daga fara-fara ta koma koriya, wani lokaci da ɗan ja-ja a bayanta, har ta kai kusan milimita 8. Daga nan sai ta sauko ƙasa, ko ta naɗe a cikin ganye, ta rufe kanta ta yi shiru na wasu kwanaki, ta fito da fiffike, a sake sabon zagaye.

Ka shiga lambu ka gani da idonka

Daga kasuwa ka nemi wanda zai raka ka lambu, ba sai ka yi nisa ba. Akwai lambuna a gefen rafin Dilimi da ya ratsa garin, inda aka daɗe ana noman rani, akwai kuma wasu a kewayen Rayfield da Bukuru da hanyar Barikin Ladi. A waɗannan wurare za ka ga kududdufai masu zurfi da tarin jar ƙasa a gefensu. Ramukan haƙar kuza ne da kamfanonin Turawa suka bari tun ƙarnin da ya wuce, lokacin da kuza ta jawo Hausawa da sauran ƙabilu zuwa Naraguta da Jos da Bukuru, har aka shimfiɗo ƙaramin layin dogo daga Zariya a 1914 don kwasarta. Kuza ta ja baya, ramukan suka cika da ruwa, yau kuma da wannan ruwan ne masu lambu da yawa ke ban-ruwa da injin.

Ka yi sallama da mai lambu, ka nemi izini ka tsinki ganye ɗaya mai tabo, ka ɗaga shi saitin rana. Idan ka ga fili fari-fari mai faɗi kamar an manna leda, da ɗigon baƙin kashi a gefe guda, to aikin Sharon ne, kuma idan ka dace za ka hango ita tsutsar tana motsi a ciki. Idan kuwa siririn layi ka gani mai lanƙwasa kamar rubutun yaro a allo, wannan tsutsar wani ɗan ƙuda ce dabam, ɓarnarta ba ta kai ta wancan ba. Sanin wannan bambanci yana da amfani ko ga mai 'yan tsirai biyar a bayan ɗaki.

Idan tsutsotsin suka yi yawa, tabo yakan haɗe da tabo har ganyen ya bushe. Lambun da ka gani kore shar a wannan mako, bayan mako biyu sai ka same shi kamar an bi shi da wuta. Ba su tsaya a ganye ba, suna shiga kan tsiro da fure da ɗanyen tumatir. Inda ba a ɗauki mataki ba, asarar takan kai kashi 80 zuwa 100 cikin ɗari.

Daga duwatsun Peru zuwa tudun Filato

Wani abin lura shi ne, tumatir da dankalin turawa da shi wannan ƙwaro duk 'yan gida ɗaya ne. Asalinsu yankin duwatsun Andis ne a Kudancin Amurka. Wani masanin ƙwari ɗan Ingila mai suna Edward Meyrick ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1917, daga samfurin da aka samo a Huancayo ta ƙasar Peru. Ya shafe shekaru da dama yana addabar manoman wancan yanki kaɗai. A 2006 aka gan shi a gabashin Sifaniya. Zuwa 2008 ya tsallaka Bahar Rum ya shiga Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Daga baya aka ba da rahotonsa a Sudan da Senegal da Nijar, kafin a tabbatar da shi a Najeriya a 2015. Fiffikensa da iska suna kai shi daga gona zuwa gona, amma doguwar tafiya mu muke yi masa jigila, a cikin ɗanyen tumatir da irin dashe da kwanduna da motocin kaya.

Watakila ka tuna da abin da ya faru a 2016. A watan Mayu na shekarar gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, bayan ta ce ƙwaron ya lalata kusan kashi 80 cikin ɗari na amfanin gonakin da ya shiga. Ministan Gona na lokacin, Audu Ogbeh, ya lissafa jihohin da abin ya shafa, har da Kano da Jigawa da Katsina da Filato. Kamfanin sarrafa tumatir na Dangote da ke Kadawa a Jihar Kano, wanda bai daɗe da fara aiki ba, ya tsaya saboda rashin kayan aiki. Babban kwandon da ake saya 'yan dubbai kaɗan ya kai kusan Naira 40,000 a wasu kasuwanni. A gidaje da yawa tumatirin gwangwani da kauɗa ne suka rufa asiri, wasu kuma suka koma miyar kuka da kuɓewa. Tun daga lokacin ƙwaron bai bar mu ba, yakan lafa ya sake tasowa, kamar yadda aka gani a Kano da maƙwabtanta a 2023.

Abin da sanyin Jos ke yi masa

Ƙwari ba su da ɗumin jiki irin namu, yanayi ne ke juya rayuwarsu. Binciken da aka yi a kan wannan ƙwaro ya nuna cewa daga ƙwai zuwa mai fiffike yakan ɗauki kusan kwana 24 idan zafi ya kai digiri 27 a ma'aunin Salshiyos, kusan kwana 40 a digiri 20, sannan kwana 76 a digiri 14. A wuri mai ɗumi yakan yi zuriya 10 zuwa 12 a shekara guda. Wannan ne ya sa a Kadawa da Kura da Ɗanja abin ya fi tsanani a watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da bazara ta kankama.

A Jos, inda daren Disamba da Janairu kan sa mutum neman bargo biyu, ƙwaron yana tafiyar hawainiya a cikin hunturu. Wannan rahama ce ga manomin Filato, tana ba shi lokacin lura da ɗaukar mataki. Sai dai sanyin jinkirta shi yake yi, ba ya kashe shi, kada ka manta daga kan duwatsu masu sanyi ya fito.

Akwai kuma wani abu da tudun ke ba shi wanda ba ya samu a ko'ina. A Filato ƙasa ba ta cika hutawa da 'yan gidan tumatir ba. Da damina akwai tumatirin damina da dankalin turawa a Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, kuma wannan jiha ce ke noma mafi yawan dankalin turawan ƙasar nan, shi ya sa ma aka kafa tashar binciken dankali a Kuru. Da rani akwai lambunan bakin rafi da kududdufai. Ƙwaron yana cin ganyen dankali da gauta da taba, da ciyayi irin su gautan kaji da zaƙami. Idan an cire tumatir ya koma maƙwabta, idan an dasa sabo ya dawo. Yana da ɗan uwa na kusa wanda shi kuma ƙwayar dankalin yake hudawa a gona da wurin ajiya. Don haka albarkar da ta sa Jos ke ciyar da birane duk shekara, ita ce kuma ke ciyar da ƙwaron duk shekara.

Inda lafiyar iyali ta shigo

Da farko, uwargida, ki kwantar da hankalinki game da sunan nan na Ebola. Babu wata alaƙa tsakanin wannan ƙwaro da cutar da ta shigo Legas a 2014. An yi masa laƙabin ne saboda saurin ɓarnarsa. Ba ya cizo, ba ya ɗaukar cutar da ke kama mutum. Haɗarin da ke tattare da shi ga iyali ta hanyoyi biyu yake zuwa.

Na farko, ramin da tsutsar ta huda ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta da fumfuna. Tumatirin da aka huda shi ke fara ruɓewa a kwando, ya shafa wa na kusa da shi. A lokacin tsada kuwa fasasshe da ruɓaɓɓe su ne masu araha, su ake rububi. Tafasa tana kashe ƙwayoyin cuta da yawa, amma wasu nau'o'in fumfuna suna barin gubar da wuta ba ta kashewa. Idan tumatir yana da tauri kuma ɗan rami ne kawai a jikinsa, ki yanke wurin da faɗi ki yar, ki dafa sauran sosai. Idan ya yi laushi yana tsiyayar ruwa, ko ya yi fumfuna fari ko baƙi, ko yana wari, ba abin ci ba ne, komai arharsa.

Na biyu shi ne magani, kuma shi ya fi girma. Ki sa kanki a matsayin manomin da ya ci bashi ya sayi iri da taki da man injin, ya wayi gari ya ga lambunsa na ƙonewa. Ya fesa magani bai ga sauyi ba, domin tsutsar na cikin ganye. Sai ya ƙara yawan maganin, ya haɗa iri biyu ko uku, ya riƙa feshi a kai a kai. Ƙwaron da ke haihuwa kusan kowane wata kuwa ba ya daɗewa yake sabawa da maganin da ake maimaita masa, an ga haka a Kudancin Amurka da Turai. Kowane maganin kirki yana da adadin kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbarsa da za a jira tsakanin feshin ƙarshe da tsinka. Idan kasuwa ta yi kyau, ba kowa ke iya jira ba. Abin da ya rage a jikin tumatirin gidanki zai zo.

Saboda haka ki cire hancin tumatir, ki wanke kowace ƙwaya ɗaya bayan ɗaya kina murzawa, da ruwa mai tsabta da ake zubawa, ba a tsoma duka a kwano ɗaya a tsame ba. Kada ki sa omo ko sabulu. Wanda kika ga farin gari-gari a jikinsa ko kika ji yana warin magani, ki bar shi a kasuwa. Wanki yana rage abin da ke saman fata sosai, amma ba ya cire wanda ya riga ya shiga ciki, shi ya sa gyaran na gaskiya daga gona yake farawa. Ki ƙara kula da wanda za a ci ɗanye a kwaɗo ko salak, da wanda za a bai wa yara da masu juna biyu.

Wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne mai feshin da iyalinsa. Idan kana da ɗan uwa mai lambu, ka tuna masa ya rufe hanci da baki da hannu da ƙafa, kada ya yi feshi yana fuskantar iska, kada ya ci goro ko ya sha taba yana cikin aikin, ya yi wanka da sabulu da ya gama, a wanke kayan aikinsa dabam da na yara. Kada a zuba magani a gorar lemo, kada a mayar da jarkarsa ta ruwan sha ko ta man gyaɗa, kada a wanke injin feshi a rafi ko kududdufin da jama'a ke amfani da shi. Idan mutum ya fara zubar da yawu da gumi mai yawa, da amai da jiri da wahalar numfashi bayan ya taɓa magani, a cire masa tufafin, a wanke jikinsa, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar maganin. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a tilasta masa amai. A Jos akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, amma asibitin da ya fi kusa shi ne na farko.

Ana iya zama da shi

Manoman da suka fi samun sauƙi su ne waɗanda suka san halin ƙwaron. Akwai tarkon da ake sa wa wani ɗan roba mai ƙamshin macen, a rataya shi bisa faranti mai ruwa da ɗan sabulu ko mai. Mazan sai su biyo ƙamshin su faɗa ruwan. Tarkon yana rage su, yana kuma sanar da manomi ranar da suka iso tun kafin ganye ya nuna. Akwai tsince ganyen da ya kamu a binne shi da zurfi ko a ƙone, da kwashe karan tumatir bayan girbi maimakon barin shi a gona, da rufe irin dashe da raga mai ƙananan ƙofofi, da hutar da fili ta hanyar shuka masara ko albasa ko kabeji, waɗanda ba ya ci. Ruwan 'ya'yan darbejiya yana taimakawa a kan ƙananan tsutsotsi, haka ma wani magani da ake samu daga ƙwayar halittar da ake kira Bt. Idan dole sai an yi amfani da magani mai ƙarfi, a nemi mai rajistar NAFDAC, a bi ma'aunin da aka rubuta, a riƙa sauya iri bisa shawarar malamin gona. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, da ke Ibadan, tana cikin masu aiki a kan waɗannan hanyoyi.

Allah kuma bai bar shi ba maƙiya ba. Akwai wani ɗan koren ƙwaro siriri da ke yawo a jikin tumatir yana tsotse ƙwansa, wanda manoman Sifaniya ke kiwo da gangan suna saki a gonakinsu, akwai kuma wasu 'yan mitsi-mitsin zanzaro da ke saka nasu ƙwan a cikin nasa. Feshi barkatai waɗannan yake fara kashewa, domin su a waje suke, mai laifin kuwa yana ciki.

Kai da ke birni ma kana da rawar takawa. Muddin mai saye ba ya karɓar tumatir sai mai sheƙi wanda babu ko ɗigo a jikinsa, to yana tura manomi ga injin feshi ne. Ɗan tabo a jikin tumatir mai tauri ba aibi ba ne. Lokacin da kaya ya yi araha, daga Janairu zuwa farkon Maris, uwargida ta sayi mai kyau da yawa, ta yanka ta shanya a kan tabarma mai tsabta ko raga nesa da ƙasa da ƙura, ko ta niƙa ta dafa har ruwan ya tsane ta adana. Mai kauɗa a ɗaki ba ya rububin ruɓaɓɓe ranar da bazara ta zo da tsada.

Idan za ka baro Jos da tsaraba, ka sayi kabejinka da karas da dankali da tumatir, amma kada ka ɗauko irin dashe mai tabo a ganye don lambun gidanka, kuma ragowar ganye da ciyawar da aka shimfiɗa a kwando ka ƙone su, kada ka watsar kusa da shuka. Ta haka ya zo mana daga wata nahiya, ta haka kuma yake shiga sabon gari. Allah Ya ba manomanmu damina da rani masu albarka, Ya kare mana lafiyar iyalanmu.